Amsoshin Tambayoyinku: Ƙuri'ar da Muke Kaɗawa, ta Jam'iyya ce ko ta Ɗan Takara?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, waɗanda yawancinsu daga garuruwan Zamfara suka fito, sun karkata ga abu guda, wato yadda jam'iyyun siyasa suke aiki da kuma matsayin talaka a cikinsu. Na zaɓi shida na taƙaita su, domin wasu sun zo da dogon ƙorafi a kan mutanen da ba su nan balle su kare kansu. Dokar zaɓen da zan riƙa ambata ita ce ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka gudanar da zaɓen 2023.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a Ƙauran Namoda. A zaɓen gwamna na 2019 na tsaya a layi tun hantsi har azahar, na kaɗa ƙuri'ata, aka sanar cewa wanda na zaɓa ya ci da rata mai yawa, amma ana saura kwana biyar a rantsar da shi sai kotu ta ba wani kujerar. Har yau abin yana ci mini rai. Shin ƙuri'ata ta ɗan takara ce ko ta jam'iyya, kuma da wace hujja alƙalai biyar za su share ƙuri'un dubban jama'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ita ce uwar sauran, shi ya sa na fara da ita. Ka tuna da takardar da aka miƙa maka a rumfar zaɓe ranar 9 ga Maris, 2019. Babu sunan mutum ko hotonsa a jikinta. Tambarin jam'iyyu ne da gajerun sunayensu, tsintsiya a nan, laima a can, kuma a gefen ɗaya daga cikinsu ka dangwala yatsa. Tsarin Mulkin 1999 ne ya shirya abin haka. Sashe na 221 ya hana kowace ƙungiyar da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a, sashe na 177 kuma ya ce mutum ba zai cancanci neman kujerar gwamna ba sai ya kasance ɗan wata jam'iyya, kuma ita ce ta tsayar da shi. Ke nan a idon doka ɗan takara ta ƙofar jam'iyya yake shiga fili, idan kuwa ba a buɗe ƙofar bisa ƙa'ida ba, ana ɗaukarsa tamkar bai shiga ba ko da jama'a sun ɗauke shi a kafaɗa sun zagaye filin da shi.

Abin da ya faru a jiharmu ke nan. Hukumar zaɓe ta INEC ta sa ranar 7 ga Oktoban 2018 a matsayin ranar ƙarshe ta kammala zaɓen fid da gwani, amma APC ta Zamfara ta rabu tsakanin ɓangaren gwamnan lokacin, Abdul'aziz Yari, da ɓangaren da Sanata Kabiru Marafa da wasu masu neman takara suke ciki, har wa'adin ya cika ba a yi zaɓen da uwar jam'iyya da hukumar zaɓe suka amince da shi ba. INEC ta ce jam'iyyar ba ta da 'yan takara a jihar. Babbar Kotun Jiha da ke Gusau ta ce an yi zaɓen fid da gwani, da haka sunan jam'iyyar ya samu shiga takardar ƙuri'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta rushe wannan hukunci a watan Maris, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da rushewar ranar 24 ga Mayu, 2019. Hujjarta ita ce jam'iyyar da ba ta fitar da ɗan takara ta halattacciyar hanya ba ba ta shiga zaɓe ba, ƙuri'un da aka jefa mata kuwa sun zama ɓatattu. Da wannan ne Mukhtar Shehu Idris, mai ƙuri'a sama da dubu 500, ya rasa kujerar, Bello Matawalle na PDP, wanda ƙuri'unsa ba su kai dubu 200 ba, ya sha rantsuwa. Hukuncin bai tsaya ga gwamna ba: kujerun sanata 3, da na majalisar wakilai 7, da na majalisar jiha 24 duk sun suɓuce wa jam'iyyar a wuni ɗaya.

Ba a Zamfara aka fara gina shari'a a kan wannan tushe ba. A watan Oktoban 2007 Kotun Ƙoli ta ba Rotimi Amaechi kujerar gwamnan Ribas alhali bai yi kamfe a matsayin ɗan takara ba, domin shi ne ya ci zaɓen fid da gwanin PDP kafin a musanya shi da wani ba da gamsasshen dalili ba. A Kogi kuma, da Abubakar Audu ya rasu a 2015 ana tsakiyar tattara sakamako, ƙuri'un da aka jefa wa jam'iyyarsa Yahaya Bello ne ya gaje su.

Idan ra'ayina kake so, ni ma na fi son a ce sake zaɓe aka yi, domin ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum rabin miliyan sun sha rana a banza. Amma idan za a yi adalci, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Alƙalai sun tarar da ɓarakar ne a shirye, waɗanda suka yi ta kuwa shugabannin jam'iyya ne da suka kasa zama su ƙirga 'ya'yansu cikin lumana. Darasin ma bai zauna sosai ba, domin a 2022 sai da kotu ta soke zaɓen fid da gwanin gwamna na PDP a jihar nan, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar wa Dauda Lawal tikitinsa. Ƙuri'arka ta watan Maris, Malam, an riga an yanke makomarta tun watan Oktoba, a wani zaɓen da wataƙila ba ka san ranarsa ba.

Tambaya: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Gusau, kuma shekarata takwas da katin jam'iyya. Duk kamfe da mu ake cika fili, mu sa atamfa mai hoton ɗan takara, mu yi guɗa har murya ta dushe. Amma ban taɓa jin ranar da ake zaɓen daliget ba, sai dai mu ji a rediyo an ce wane ne ɗan takara. Su wane ne waɗannan daliget, kuma wa yake zaɓensu?

Amsa: Hajiya, a rubuce ke ce kike zaɓensu. Jam'iyya gini ce mai hawa-hawa: daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa shiyya, sannan hedikwatar ƙasa a Abuja, kuma a kowane hawa akwai ciyaman da sakatare da ma'aji da shugabar mata da shugaban matasa da sauransu. Sashe na 223 na Tsarin Mulki ya wajabta a riƙa zaɓen shugabannin jam'iyya ta hanyar dimokuraɗiyya, a tsakanin lokacin da bai wuce shekara huɗu ba. Zamfara tana da ƙananan hukumomi 14 da gundumomi 147, kuma a taron gunduma ne masu kati irinki ya kamata su taru su fitar da shugabanninsu da wakilan da za su je su zaɓi ɗan takara a madadinsu. Waɗannan wakilai su ne daliget.

Dokar 2022 ta ba jam'iyya hanya uku ta fitar da ɗan takara. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai rajista yake da ƙuri'a. Akwai zaɓe ta hannun daliget. Akwai kuma maslaha, wadda dokar ta ce ba ta inganta sai kowane mai neman takarar da aka tantance ya sa hannu a rubuce cewa ya janye don kansa. Manyan jam'iyyu sun fi amfani da daliget a 2022, inda kowace gunduma ta ba da mutum uku a wata jam'iyyar, biyar a wata, domin fitar da ɗan takarar gwamna. Ki yi lissafi da kanki: ko da biyar-biyar ne, 147 sau biyar 735 ke nan. Jihar da masu rajistar zaɓenta suka kusa miliyan biyu, mutanen da ba za su cika ɗakin taro guda ba ne suke tace mata waɗanda za ta zaɓa a ciki. Mai kuɗi ya san sayen mutum ɗari bakwai ya fi sayen miliyan sauƙi, don haka ake kwashe daliget a ɓoye su a otal ana gobe zaɓe, don haka kuma yaƙin gaske a jam'iyya shi ne na wanda zai rubuta jerin sunayensu.

Na taɓa zuwa taron gunduma na wata jam'iyya shekarun baya, muka zauna a harabar makarantar firamare tun safe muna jiran jami'an da za su zo da takardu. Da la'asar ta yi sai wani yaro ya zo a kan babur ya ce a watse, an gama. Ashe a falon wani babba aka cike takardun, aka sa hannu, aka wuce da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mu da muka zo ba mu kai mutum talatin ba, a gundumar da ake cewa jam'iyyar tana da dubban magoya baya. Da mutum ɗari biyar ne suka zauna a harabar nan da katinsu a hannu, da cike takarda a falo bai zo da sauƙi haka ba.

Tushen matsalar kuɗi ne, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Jam'iyya tana biyan hayar ofis, da man mota, da ladan ejan da zai tsaya mata a kowane akwati, alhali gwamnati ta daina ba jam'iyyu tallafi tun dokar zaɓe ta 2010. A Ingila jam'iyyar Labour tana samun kaso mai tsoka na kuɗinta daga ƙungiyoyin ƙwadago da kuɗin wata-wata na 'ya'yanta, saboda haka suna da bakin magana. A nan kuwa ɗan jam'iyya ba ya biyan ko sisi, shi ne ma yake jiran a ba shi kuɗin mota. Sai jam'iyya ta koma ga sayar da fom, har a 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC ya kai naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na shugaban ƙasa a PDP kuma miliyan 40. Ragowar ɗawainiyar gwamna ne ko wani attajiri yake ɗauka, shi ya sa ake kiransa uban jam'iyya, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗauki-ɗora da muke kuka da shi daga nan yake tsirowa.

Abin yi, Hajiya, shi ne ki fara zuwa wurin sakataren gundumarku ki tabbatar sunanki yana cikin rajistar jam'iyya, domin kati ba tare da suna a rajista ba ado ne kawai. Dokar 2022 ta tilasta wa jam'iyya miƙa wannan rajista ga INEC kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani, ta kuma sanar da hukumar ranar kowane taron zaɓe da aƙalla kwana 21, don haka ranar ba sirri ba ce ga wanda ya nema. Ku matan da kuke cika fili kuna da yawan da za ku fitar da daliget daga cikinku, ban da kujerar shugabar mata da aka saba keɓe muku.

Tambaya: Ni matashi ne a Talatar Mafara, ina son tsayawa takarar majalisar jiha, amma ba ni da ubangida a kowace jam'iyya. Zan iya tsayawa da ƙashin kaina? Idan ba dama, me ake buƙata a kafa sabuwar jam'iyya?

Amsa: Ɗana, tsayawa ba jam'iyya dai babu hanya, domin sashe na 106 ya gindaya wa mai neman majalisar jiha sharaɗin da aka gindaya wa gwamna. An sha kai ƙudurin halatta ɗan takara mai zaman kansa gaban Majalisar Tarayya, amma har aka yi zaɓen 2023 bai zama doka ba, ko da yake a Amurka da Ingila da ma Ghana abu ne da aka saba.

Kafa jam'iyya kuwa ya fi ƙarfin mutanen gari ɗaya. Sashe na 222 da na 223 sun ce sai hedikwatarta ta kasance a Abuja, ƙofarta a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, sunanta da tambarinta kuma ba su nuna addini ko ƙabila ko wani yanki ba, sannan shugabanninta na ƙasa su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. An sa waɗannan sharuɗɗa ne tun Tsarin Mulkin 1979, saboda abin da aka gani a Jamhuriya ta Farko, lokacin da NPC ta riƙe Arewa, AG ta riƙe Yamma, NCNC ta riƙe Gabas, har rikicinsu ya kai ƙasar ga juyin mulkin 1966. Rajista ma ba ita ce nasara ba: a 2019 jam'iyyu 91 ne da rajista, 73 suka tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa har takardar ƙuri'a ta yi tsawon tabarma, amma a watan Fabrairun 2020 INEC ta soke 74 daga cikinsu saboda ba su taɓuka abin da doka ta nema ba. Idan mutanen mazaɓarka da gaske suna sonka, ƙananan jam'iyyu suna nan kuma fom ɗinsu bai kai na manya tsada ba, sai dai ka shirya nemo ejan amintacce ga kowane akwati, wanda shi ne aikin da babbar jam'iyya take yi wa ɗan takararta.

Tambaya: Ni dattijo ne a Gummi, na ga siyasar NEPU da NPC da idona. A zamaninmu mutum yana mutuwa a jam'iyyarsa. Yanzu sai mu zaɓi gwamna a laima, mu wayi gari yana riƙe da tsintsiya. In dai ƙuri'a ta jam'iyya ce kamar yadda kotu ta ce, me ya sa wanda ya sauya sheƙa ba ya ajiye kujerar?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ka kama doka a inda take tufka da warwara. Ga 'yan majalisa akwai tanadi: sashe na 68 ya ce sanata ko ɗan majalisar wakilai da ya koma wata jam'iyya kafin wa'adinsa ya cika ya rasa kujerarsa, sashe na 109 ya faɗi haka ga ɗan majalisar jiha, sai dai idan jam'iyyarsa ta dare gida biyu ko ta narke cikin wata. A 2015, a shari'ar wani ɗan majalisar wakilai daga Ondo da ya bar jam'iyyar Labour, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa darewar da ake nufi ita ce wadda ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa, rigimar reshen jiha ba ta isa hujja ba. Amma wanda doka ta ɗora wa alhakin ayyana kujerar a matsayin wadda ba kowa shi ne shugaban majalisar, kuma sau da yawa jam'iyyarsa ce mai sauya sheƙar ya koma, wani lokacin ma tare suka koma. Ba a aiken kura ta tsare akuya.

Ga shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu kuwa, Tsarin Mulki ya lissafa hanyoyin barin kujera, wato mutuwa, da murabus, da tsigewa, da rashin lafiyar da ta hana aiki, amma bai sa sauya sheƙa a ciki ba. A kan haka ne Kotun Ƙoli ta ce a 2007 Atiku Abubakar yana nan a mataimakin shugaban ƙasa duk da ya bar PDP ya koma AC. Shi ya sa Matawalle, wanda hukuncin cewa ƙuri'a ta jam'iyya ce ya ba shi kujera, ya iya ɗaukar kujerar ya koma da ita APC a watan Yunin 2021, mataimakinsa Mahdi Aliyu Gusau da ya ƙi binsa kuma majalisa ta tsige shi a watan Fabrairun 2022.

Sai dai akwai abin lura a tarihin jihar nan wanda ban cika jin ana ambatarsa ba. Mahmuda Aliyu Shinkafi ya ci gwamna a ANPP a 2007, ya koma PDP mai mulkin tarayya, sai ya sha kaye a 2011 a hannun Abdul'aziz Yari na jam'iyyar da ya bari. Matawalle ya koma APC mai mulkin tarayya, ya sha kaye a 2023 a hannun Dauda Lawal na jam'iyyar da ya bari. Ba zan ce sauya sheƙa kaɗai ce ta kayar da su ba, domin kowane zaɓe yana da dalilai da yawa, matsalar tsaro na ciki. Amma sau biyu ke nan masu zaɓen Zamfara suna zartar da hukuncin da doka ta yi shiru a kansa.

Game da zamanin da, Baba, zan ɗan saɓa maka cikin ladabi. Gaskiya ne akwai aƙida a lokacin: NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agustan 1950 ta tsaya ne a kan 'yantar da talaka daga zaluncin hukumar gargajiya, NPC ta Sardauna, wanda ya yi zaman aiki a Gusau tun 1938, ta tsaya a kan haɗin kan Arewa da gyara a hankali, kuma mutane irin su Gambo Sawaba sun sha ɗauri sau da dama ba su canja ba. Wanda aka ɗaure saboda jam'iyya ba ya sayar da ita da arha. Amma ko a da an yi rabuwa: PRP ta dare zuwa santsi da taɓo a farkon shekarun 1980, Abubakar Rimi kuma ya bar ta ya koma NPP a 1983. Bambancin shi ne Rimi ya ajiye kujerar gwamnan Kano da zai tafi, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Abin da ya sauƙaƙa sauya sheƙa a yau shi ne in ka ɗauki takardun manufofin manyan jam'iyyunmu ka rufe sunayen, da wuya ka gane ta wane ce, kuma wanda ya tashi daga wannan ɗaki ya shiga wancan bai bar wani abin da ya yi imani da shi a baya ba.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Tarayya ta Gusau. Jam'iyyu 18 ne suka shiga zaɓen 2023, amma a jiharmu biyu kawai ake jin ɗuriyarsu. Me ke jawo haka, kuma mene ne aikin jam'iyyar da ta faɗi kafin wani zaɓen?

Amsa: Malama, tsarin ƙirga ƙuri'a ne yake matse jam'iyyu. A Nijeriya wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi yake ɗauke kujerar baki ɗaya, na biyu ko da ƙuri'a goma aka fi shi ya tashi a tutar babu. Mai zaɓe yana gane haka, sai ya ƙi jefa ƙuri'arsa inda ya san ba za ta kai ba, 'yan siyasa ma sai su tattaru a inuwar da take da alamar nasara. Ga kuma sharaɗin bazuwa: shugaban ƙasa sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, gwamna kuma a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, wato a maƙwabciyarmu Kebbi mai ƙananan hukumomi 21 sai ya kawo 14. Jam'iyyar da ƙarfinta bai wuce gari ɗaya ba ba za ta haye wannan katanga ba.

Wannan lissafi ne ya haifi APC a 2013. Buhari ya sami ƙuri'a wajen miliyan 12 a CPC a 2011 amma ya faɗi, sai ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke wuri guda, wasu gwamnonin PDP biyar suka biyo baya, a 2015 aka kayar da jam'iyyar da ta yi shekara 16 tana mulki. A 2023 an ga akasin haka: 'yan adawa suka rabu uku, Atiku da Peter Obi da Kwankwaso, ƙuri'unsu a haɗe sun haura miliyan 14, amma Tinubu ya ci da ƙasa da miliyan tara. A ƙasashen da ake raba kujeru gwargwadon kason ƙuri'a abin ya sha bamban. A Afirka ta Kudu ANC ta sami kusan kashi 40 cikin ɗari a 2024, ta tashi da kujeru 159 cikin 400, dole ta nemi wasu jam'iyyu suka kafa gwamnatin haɗin gwiwa.

Aikin wadda ta faɗi kuwa shi ne ta zama ido da bakin waɗanda ba su zaɓi gwamnati ba: ta bi diddigin kasafin kuɗi, ta yi tambaya a zauren majalisa, ta kawo nata tsarin, ta kuma shirya mutanen da za su karɓi mulki. A Ingila babbar jam'iyyar adawa tana naɗa wa kowane minista kishiya da zai riƙa bibiyar ma'aikatarsa, a Majalisar Tarayyarmu ma an saba ba 'yan adawa shugabancin kwamitin binciken asusun gwamnati. Inda abin yake lalacewa shi ne jihohi, domin majalisa takan zama kusan ta jam'iyya ɗaya, zaɓen ƙananan hukumomi da hukumar zaɓen jiha take shiryawa kuma jam'iyyar gwamna ce take lashe shi kusan ko'ina a ƙasar nan, kowace ce ita. Ofishin adawa da yawa ana rufe shi ne bayan rantsuwa, sai an kaɗa gangar wani zaɓen a zo a share yanar gizo-gizo.

Tambaya: Ni manomi ne a Shinkafi, muna jin labarin maƙwabtanmu na Nijar sun rushe jam'iyyu gaba ɗaya. Tunda su ne suke raba kan 'yan uwa, har wa da ƙane su daina gaisawa, ba gara mu ma a yi zaɓe ba jam'iyya ba?

Amsa: Malam, gaskiya ne gwamnatin sojan Nijar ta rushe jam'iyyu a watan Maris na 2025, sai dai can ba zaɓe ake yi ba balle a ga yadda zai kasance. Mu kuwa mun gwada. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya a 1987 da kuma 1996, mutane ba su daina rabuwa ba, sai dai rabuwar ta koma ta unguwa da dangi da wanda ya fi kuɗi, ga shi babu wata ƙungiya da za a kama da laifi idan wanda aka zaɓa ya gaza. Uganda ma ta yi kusan shekara 20 a irin wannan tsari a ƙarƙashin Museveni, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a 2005 aka dawo da jam'iyyu.

Mun kuma gwada jam'iyyun da hukuma ta ƙera da hannunta. A 1989 Janar Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyin da 'yan siyasa suka kafa rajista, ya ƙirƙiro SDP da NRC, ya rubuta musu manufofi, ya gina musu ofisoshi a hedikwatocin ƙananan hukumomi da kuɗin gwamnati, sannan da ɗayarsu ta kama hanyar cin zaɓen 12 ga Yuni, 1993 ya soke shi. Janar Abacha ya yi wa biyar rajista, waɗanda marigayi Bola Ige ya kira yatsu biyar na hannun kuturu, kuma a watan Afrilun 1998 duk biyar ɗin suka tsayar da Abacha shi kaɗai a matsayin ɗan takararsu. Ya rasu ranar 8 ga Yuni na wannan shekara, Janar Abdussalami ya rushe su a watan Yuli, kuma ba a ji wanda ya fito titi yana neman a dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba.